Tarin Shiƙa: Kada Ranar Suna Ta Zama Ranar Ɗaukar Cuta

Jama'a, akwai wata cuta da muke yi wa kallon tarin yara kawai, alhali kuwa tana iya kashe jariri cikin 'yan kwanaki. Ita ce tarin shiƙa. Wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, kuma tana bin iska daga bakin mai tari ko atishawa zuwa hancin na kusa da shi. A gidajen haya na Nima da Maamobi, inda mutane da yawa ke kwana ɗaki guda, ba ta da wahalar yaɗuwa.

Yaudarar cutar ita ce yadda take farawa. Mako ɗaya ko biyu na farko ba ta da bambanci da mura: majina, ɗan zazzaɓi da tari kaɗan. A daidai wannan lokaci ne kuma ta fi kama wasu. Daga nan sai tari mai sarƙewa ya zo, yaro ya yi ta yi ba numfashi, ya ja iska da ƙara, sau da yawa ya yi amai. Ana iya shafe wata biyu ko uku a haka. Jariri sabon haihuwa kuwa wani lokaci ba ya ma yin tarin. Numfashinsa ne ke ɗaukewa, leɓɓansa su canja launi. Uwar da ta ga haka kada ta tsaya jiƙo ko sayen maganin tari a kemis, ta nufi asibitin Maamobi ko na yara na Princess Marie Louise nan take. Akwai maganin da ke kashe ƙwayar, kuma ya fi aiki idan an fara shi da wuri.

Rigakafi yana nan, kyauta ne. Tun shekarar 2002 Gana ke ba da allurar nan guda mai kariya daga cututtuka biyar, har da tarin shiƙa. Ana yin ta sau uku: a mako na 6, na 10 da na 14. Matsalarmu ita ce wasu iyaye su kai yaro awo sau ɗaya, ya yi zazzaɓi da dare, shi ke nan ba za su koma ba. Wannan zazzaɓin na kwana ɗaya ko biyu ne, allura guda kuwa ba ta isa kariya ba.

Ga inda nake son mu yi wa kanmu faɗa. Jariri ba ya samun allurar farko sai ya kai mako 6, amma mu a rana ta bakwai muke tara masa jama'a. Kowa ya ɗauka, kowa ya sumbata, har da mai tarin da ya yi makonni yana fama. Ƙarfin rigakafin yana raguwa da shekaru, don haka babba na iya ɗauke da cutar yana zaton sanyi ne ya kama shi. Ba cewa nake a daina suna ba. Cewa nake, mai tari ya yi barka daga bakin ƙofa. Wannan ba wulakanci ba ne, ƙauna ce.

Masu cewa cutar ta zama tarihi su dubi Ingila, ƙasar da ke da asibitoci na zamani. A 2024 an tabbatar da mutum fiye da 14,000 sun kamu, jarirai kuma sun mutu. Masu yaɗa jita-jita kan allura kuwa su tuna abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, lokacin da cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Gwamnati ma tana da nata alhakin. A farkon 2023 wasu alluran yara sun yanke a asibitocin ƙasar nan, iyaye mata suka yi ta komawa gida hannu rabbana. Bai kamata a sake ganin haka ba.

Ina kira ga limamanmu da sarakunan zango su riƙa tunatarwa a huɗuba da wuraren suna. Maigida kuma ya buɗe katin awon ɗansa yau ya duba da idonsa, don wannan ba aikin uwa kaɗai ba ne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.