Darasin da ke Cikin Ƙera Fil

Ɗalibanmu da dama sun ɗauka cewa kimiyya sai a jirgin sama ko kwamfuta. A ganina, fil ɗin da tela ke kama yadi da shi ya cancanci a shigo da shi aji, domin yadda ake ƙera shi ya ƙunshi tushen masana'antu gaba ɗaya.

Da farko ana jan waya ta cikin ƙananan huda har ta kai kaurin da ake so. Daga nan a miƙar da ita, a yanyanka daidai wa daida. Inji ya daki gefe guda ya fitar da kai, ya wasa ɗaya gefen ya yi tsini. Sannan a wanke, a lulluɓe shi da kuza ko nikel don kada ya yi tsatsa.

A 1776, masanin tattalin arziki Adam Smith ya bayyana cewa aikin fil ya kasu kashi kusan 18. Mutum goma da suka raba aikin a tsakaninsu suna fitar da fil 48,000 a rana, alhali mutum guda shi kaɗai da wuya ya yi 20. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A 1832 kuma, wani likita a Amurka, John Ireland Howe, ya yi rajistar injin ƙera fil.

Mu masu nazarin halittu mun san muhimmancin ƙarfen da aka zaɓa. Idan aka soke ƙwaro da fil na tagulla don adanawa, maiƙon jikinsa kan haɗu da ƙarfen ya haifar da koren tsatsa mai lalata shi. Shi ya sa ake amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa. Haka kuma nikel kan jawo wa fatar wasu mutane ƙaiƙayi.

Saboda haka ina kira ga malamai: ku raba wa ɗalibai fil iri-iri, su auna kaurinsu, su jiƙa su cikin ruwan gishiri na mako guda, su rubuta abin da suka gani. Ɗalibin da ya koyi tambayar yadda aka yi ƙaramin abu, shi ne zai iya ƙera babba gobe.