Yankari: Hutun iyali ba na masu hannu da shuni kaɗai ba ne

Da zarar an sauko daga Idi, ko makarantu sun ba da hutun ƙarshen zango, tambaya ɗaya ce ke damun magidanta: ina za a kai yara? A manyan birane amsar ba ta wuce gidan zoo ko wurin wasan yara, inda cunkoso kan sa uwa ta wuni tana ƙirga 'ya'yanta maimakon ta huta. Yaran da ba su samu wannan ba sukan sulale zuwa kududdufi ko bakin dam, kuma da wuya shekara ta wuce ba a ji labarin wanda ruwa ya ci ba.

Alhali Arewa ba ta rasa wuraren da iyali za su je su sha iska, su kwana cikin natsuwa, yara su koyi abin da babu shi a allo. Babban misali shi ne gandun dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244.

Mai zuwa daga Bauchi zai bi hanyar Gombe, ya karkata a Dindima har zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji. Daga nan akwai tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwanan baƙi suke. A ƙasan sansanin ne maɓuɓɓugar Wikki take, ruwa garai-garai mai ɗumin da ba ya sauyawa daga kusan digiri 31, ko da sanyi ko da bazara. Da rani, idan ciyawa ta bushe, dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji, a ga ɓauna da gwanki da mugun dawa, mai sa'a kuma ya ga giwa, domin Yankari na cikin wurare ƙalilan da giwaye suka rage a Najeriya. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall da mutanen da suka sassaƙa, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren narka tama. Yaron da ya tsaya a gaban waɗannan ya fahimci cewa kakanninsa sun yi ƙira da gini tun kafin zuwan Turawa.

Me ya sa iyalin malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ke Bauchi ko Gombe ba sa sanya Yankari a lissafinsu?

Na farko, kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tafiya mai nisa da mutum shida ko bakwai ta zama abin da sai an yi shiri na musamman. Wanda ba shi da motar kansa kuwa, shata kaɗai za ta cinye kuɗin hutun kafin a kai ƙofa. Na biyu, tsaro. Babu uban da zai ɗebi iyalinsa ya nufi daji sai yana da tabbacin hanya. Na uku, al'ada. Matar aure ko budurwa ba za ta shiga ruwa a gaban maza baƙi ba, don haka matuƙar ba a yi mata tanadi ba, rabin iyalin zai koma gida bai ɗanɗani abin da aka je dominsa ba.

Gina ɗakuna masu kyau ko kafa tantuna na alfarma, kamar yadda ake yayi a ƙasashen waje, ba zai warware waɗannan matsaloli ba. Iyali ba don gado da na'urar sanyaya ɗaki suke barin gida ba. Abin da za su yi daga hantsi zuwa la'asar shi ne ke sa su dawo baɗi, su kuma jawo maƙwabta.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Bauchi ta sa motocin safa masu rangwame daga Bauchi zuwa Wikki a ƙarshen mako da ranakun Sallah, a je da safe a dawo kafin magariba. A fitar da tikitin iyali na wuni ɗaya mai farashi ɗaya, wanda kowa zai iya gani a wayarsa kafin ya baro gida. A ware sa'o'in da mata da ƙananan yara kaɗai za su shiga ruwa, tare da ma'aikata mata da masu ceto. A horar da 'yan rakiya da za su yi wa yara bayani da Hausa, su kuma ja musu kunne kan gwaggon birin da ya saba wawurar abinci a hannun baƙi. Makarantun firamare da na Islamiyya su ma a ba su ranaku na musamman.

Sai dai duk wannan ba zai ɗore ba idan aka manta da mutanen da ke zagaye da dajin. Manomin da giwa ta tattake masa gonar dawa a dare ɗaya ba zai ga dalilin kare ta ba, matuƙar motocin baƙi wuce shi kawai suke yi suna tayar masa da ƙura. Farauta ba bisa ƙa'ida ba da kiwo a cikin gandun sun daɗe suna barazana ga dabbobin, kuma bindigar jami'in gandun daji ita kaɗai ba za ta hana ba. Dole ƙauyukan su ga amfani a aljihunsu: rumfunan sayar da masa da zuma da tabarmi a bakin ƙofa, guraben aiki ga matasansu, diyya ga wanda aka ɓata wa gona, da wani kaso na kuɗin shiga da za a riƙa yi musu rijiya ko gyara aji. Mai ci daga daji shi ne zai fara tsegunta wa hukuma idan baƙuwar fuska ta shigo.

Sauran jihohi ma wannan darasi ya shafe su. Kano na da Tiga da Falgore, Kaduna na da Matsirga a Kafanchan, Taraba na da Mambila da Gashaka. Kowannensu zai iya zama wurin hutun iyali idan aka gyara hanya, aka tabbatar da tsaro, aka sa farashin da talaka zai iya biya.

Su ma iyaye da nasu aikin. Kuɗin da ake kashewa a anko da ɗinkin Sallah kala uku, idan aka rage kaɗan aka haɗa hannu da gida biyu ko uku, zai ɗauki mota zuwa Wikki ya dawo da ita. Kaya za su tsufa kafin wata Sallar, amma yaron da ya ga giwa da idonsa ba zai manta ba, kuma idan ya girma shi ne zai tsaya a kan kada a bari ta ƙare.