Aiki daga nesa: wa zai karɓi lanhon iyalin da suka dawo gida na shekara ɗaya?

Tun bayan annobar korona, wasu 'yan Nijar mazauna Faransa suna kwaso iyali su dawo Yamai, Maraɗi ko Damagaram na wasu watanni, yara su ga kakanni su ji Hausa, mai gida kuma yana ci gaba da yi wa kamfaninsa aiki ta intanet. Albashi na shiga bankin can, zama kuwa a nan. To, wace ƙasa ce ke da hakkin haraji?

Galibi amsar da ake ji ita ce kwana 183: wai wanda ya wuce rabin shekara a waje ya fita daga hannun Faransa. Dokarsu ba haka take ba. Aya ta 4 B ta kundin harajin Faransa tana duba mazaunin iyali, da wurin babbar sana'a, da kuma cibiyar dukiyar mutum. Ɗaya kawai ya isa a ce har yanzu kai nasu ne, a ɗora maka haraji kan duk abin da ka samu a duniya. Wanda ya bar mata da yara a Marseille, ko ya riƙe gidansa da niyyar komawa, ƙidayar kwanaki ba lalle ta fisshe shi ba. Nijar kuma tana da nata harajin albashi, ITS, kuma aikin a ƙasarta ake yin sa.

A da, idan ƙasashen biyu suka ce mutum nasu ne, yarjejeniyar 1965 ce ke raba gardama. A watan Disamban 2023 Nijar da Mali suka sanar da soke irin wannan yarjejeniya da Faransa, bayan Burkina Faso ta riga su. Hujjar hukumomi ita ce baitulmali na tafka asara, kuma game da manyan kamfanoni maganar na da ƙanshin gaskiya. Sai dai igiyar da aka tsinke ita ce ke kare ƙaramin ma'aikaci daga biya sau biyu, kuma ba shi aka yi wa lissafi ba.

Wanda ya taso daga Dakar ko Abijan ya fi samun sauƙi. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA, wadda tun 2008 ke da ƙa'idar hana biyan haraji sau biyu tsakanin mambobinta.

Kamfani ma yana da nasa tsoro, domin ma'aikacin da ke ƙulla ciniki da sunansa daga Maraɗi na iya jawo masa hukumar DGI. Shi ya sa wasu ke ƙayyade kwanakin aiki a waje. Kafin sayen tikiti, a nemi amincewar kamfani a rubuce, a adana tambarin fasfo, takardar haya da ta makarantar yara, domin su za a nema ranar da ɗaya daga cikin hukumomin biyu ta aiko da wasiƙa.