An Cuci Afro-Shirazi, Ita Ma Ta Cuci Wasu

Ran 12 ga Janairun kowace shekara akan yi bikin juyin juya hali a Zanzibar, sai ka ji masu yabon jam'iyyar Afro-Shirazi suna cewa wai ita ce ta share wa talaka hawaye. To, jama'a, a yi mana haƙuri mu buɗe ɗaya shafin da ba su son a karanta.

Zanzibar tsibirai ne a gaɓar Afirka ta Gabas, manyansu Unguja da Pemba, mutanensu kusan duk Musulmi. Sarautar tana hannun zuriyar Larabawan Oman, Ingila kuwa ta ɗora hannu a kanta tun 1890. Manyan gonakin kanumfari na Larabawa ne, ciniki na Indiyawa, wahala ta baƙar fata. A cikin wannan hali aka kafa Afro-Shirazi ran 5 ga Fabrairu 1957, aka haɗa ƙungiyar Afirkawa da ta Shirazawa, watau tsofaffin mazauna tsibiran masu danganta asalinsu da Shiraz ta ƙasar Farisa. Shugabanta Abeid Karume tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne.

Ba mu musun an cuce ta. A zaɓen Yuli 1963 ta sami kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u, amma kujeru 13 kacal ta ci cikin 31. Jam'iyyar ZNP, wadda Larabawa ke ja, da ƙawarta ZPPP ta Muhammad Shamte suka kwashe 18, Turawa suka miƙa musu mulki ran 10 ga Disamba suka kama hanya. Wanda ya ce wannan adalci ne, bai san adalci ba.

Amma fa wa ya biya bashin? Wata guda da 'yan kwanaki bayan samun mulkin kai, John Okello, mutumin Uganda, ya ja samari suka fasa rumbun makaman 'yan sanda. Sarki Jamshid ya shiga jirgin ruwansa ya tsere, ya je ya zauna a Portsmouth ta Ingila fiye da shekara hamsin, ko ƙwarzane babu. Waɗanda aka bi gida gida aka yanka, dubbai, yawancinsu ƙananan Larabawa ne masu 'yan kantuna a ƙauyuka, mutanen da jarinsu bai wuce gishiri da kananzir da sabulu ba. Laifinsu ɗaya, an ce ba 'yan ƙasa ba ne, alhali da yawansu a nan aka yanke musu cibiya. Duk wanda ya taɓa kasa kaya a garin da ba na kakansa ba ya san nauyin wannan magana, ya kuma san ran da wuta ta tashi ba a fara ta gidan mai kuɗi.

Shi kansa Okello bai sha ba. Kafin Maris ya ƙare an tuna shi ma baƙo ne, aka hana shi sake sa ƙafa a tsibirin.

Masu yabo za su ce ai Karume ya raba wa talakawa gonaki eka uku uku, ya mai da ilmi kyauta. Gaskiya ne, ya yi. Sai dai su gaya mana, jam'iyyar da ta yi kukan an danne mata ƙuri'a, don me da ta hau ta kulle akwatin zaɓe? An haramta sauran jam'iyyu, Majalisar Juyin Juya Hali ta zama ita ce doka, ita ce alƙali. Abdallah Kassim Hanga da Othman Shariff, manyan 'ya'yan jam'iyyar ne, aka kashe su ba tare da shari'a a bainar jama'a ba. A 1970 aka ɗauki 'yan mata 'yan asalin Farisa aka aurar wa manyan gwamnati dole, wai don a gauraya jini. Assha! Mutanen Pemba kuwa, da yake yawancinsu ba su zaɓe ta ba, sai aka riƙe su kamar 'yan bora, ga shi kuwa su ke noma mafi yawan kanumfarin da ake sayarwa a sami kuɗin ƙasashen waje.

Haɗewa da Tanganyika ma, ran 26 ga Afrilu 1964, ba wanda ya tambayi talakan Zanzibar ko yana so. Karume da Nyerere suka sa hannu, aka wayi gari an zama ƙasa ɗaya, tsibiran suka riƙe gwamnatinsu ta cikin gida.

Ran 7 ga Afrilu 1972 aka harbe Karume a hedkwatar jam'iyyar yana wasan bao, irin darar mutanen can. Magajinsa Aboud Jumbe ya narkar da Afro-Shirazi cikin TANU ran 5 ga Fabrairu 1977, shekara ashirin cif da kafa ta, aka haifi CCM. Sai a 1980 mutanen Zanzibar suka sake ganin akwatin zaɓen shugabansu, shi ma ɗan takara guda ne. Da Jumbe ya nemi a sake duba sharuɗɗan haɗin nan, uwar jam'iyyar da ya taimaka aka kafa ta kira shi Dodoma a Janairun 1984, ya koma gida ba shi da muƙami ko ɗaya.