Wa Ya Raɗa Mana Suna "Duniya Ta Uku"?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, akwai wata kalma da ta zauna daram a bakinmu, har ta zama hatimin da muke rufe kowace muhawara da shi. In an ɗauke wuta, sai mu ce ai mu Duniya ta Uku ce. In asibiti babu magani, ai Duniya ta Uku ce. Ni a ganina wannan kalma tana yi mana ɓarna iri biyu: tana ba azzalumin shugaba uzuri, tana kuma koya wa yaro cewa sahun baya ne gadonsa. Don haka ya kamata mu san wanda ya raɗa sunan, da abin da ya nufa da shi.

Wani masanin ƙidayar jama'a ne Bafaranshe, Alfred Sauvy, ya fara amfani da kalmar a 1952, lokacin Yaƙin Cacar Baki. A wancan zamani Amurka da ƙawayenta su ne duniya ta farko, Tarayyar Sobiyet da nata ƙawayen su ne ta biyu, sauran ƙasashen da ɓangarorin biyu ke zawarcinsu su ne ta uku. Sauvy ya aro siffar daga juyin juya halin Faransa na 1789, inda ake kiran talakawa rukuni na uku bayan malaman coci da sarakuna. Nufinsa shi ne waɗannan al'ummu da aka raina za su miƙe. Kuma sun miƙe: a 1955 ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka taru a Bandung ta Indonesiya, da su Sukarno da Nehru da Jamal Abdunnasir, sannan a 1961 aka kafa Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu a Belgrad. Ashe asalin maganar siyasa ce, wato bayan wa kake, ko kuwa ka ƙi bin kowa. To, Tarayyar Sobiyet ta rushe tun 1991. Duniya ta biyu ta kau, mu kuwa har yau muna kiran kanmu na uku. Na uku a bayan wa?

Da sunan ya tsufa sai aka yi ta sauya masa riga. Shugaban Amurka Truman ya riga ya yi maganar yankunan da ba su ci gaba ba tun 1949, daga baya aka sassauta aka ce "ƙasashe masu tasowa". A 1980 rahoton Willy Brandt ya raba duniya Arewa da Kudu, amma ya sa Ostireliya a Arewa, alhali kowane ɗan firamare ya san inda take a taswira. A 1981 kuma wani ma'aikacin reshen Bankin Duniya, Antoine van Agtmael, ya ga masu jari suna gudun duk abin da aka liƙa wa sunan Duniya ta Uku, sai ya ƙirƙiro "kasuwanni masu tasowa". Ƙasashen ba su canza ba, sunan kawai aka wanke don a sami masu saye. Shi kansa Bankin Duniya ya daina raba ƙasashe zuwa masu tasowa da waɗanda suka ci gaba a babban kundinsa na alƙaluma tun 2016.

Wani zai ce to a bar suna, a dubi lissafi, ai lissafi ba ya ƙarya. Mu duba. Bankin Duniya yana kasa ƙasashe gida huɗu ta hanyar raba kuɗin shigar ƙasa da yawan mutanenta. A wannan mizani, in mutum ɗaya ya ci kaji goma, mutum tara suka kwana da yunwa, kowa ya ci kaza guda. Ikwatoriyal Gini ta taɓa shiga sahun masu kuɗin shiga mai yawa saboda man fetur, alhali tana cikin jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ba ta fita ba sai 2017. A Afrilun 2014 Najeriya ta sabunta yadda take ƙididdige tattalin arzikinta, sai adadin 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kimanin biliyan 510, ta wuce Afirka ta Kudu a rana guda. Don Allah, wane magidanci ne ya ƙara ko mudu ɗaya na gero a gidansa a wannan rana?

Amma a nan dole in ja kunnen wasu 'yan'uwa da ke cewa duk waɗannan alƙaluma makircin Yamma ne, a watsar da su. Wannan ma gudun gaskiya ne. Wanda ya fi kowa gyara mizanin Musulmi ne ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, wanda tare da Amartya Sen ya fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam a 1990, ya haɗa tsawon rai da ilimi da abin hannu. A kan wannan ma'auni Nijar ta sha zama ta ƙarshe a duniya, kuma tana cikin jerin mafi ƙarancin ci gaba tun da aka buɗe shi a 1971, ita da Chadi da Sudan. Matar da ta rasu wajen haihuwa don babu ungozoma, da yaron da ya kai shekara goma bai iya karanta sunansa ba, ba Bature ne ya ƙirƙiro su ba. A unguwanninmu suke, kuma amana ce a wuyan shugabanninmu da wuyanmu.

Sahun ma ba ƙaddara ce da ba ta motsi ba. Koriya ta Kudu ta fito daga yaƙi a 1953 cikin matsanancin talauci, amma a 2021 hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da ita rukunin ƙasashen da suka ci gaba. Botswana kuwa ta fita daga jerin mafi ƙarancin ci gaba tun 1994, ita ce ta farko da ta yi hakan.

Shawarata gare ku, duk lokacin da kuka ga an jera ƙasashe daga sama zuwa ƙasa, ku tambayi wanda ya riƙe sikelin, da abin da ya ɗora a kai, da abin da ya bari a ƙasa. In abin da aka auna rayuwar mutane ce, ku karɓa ko da da ɗaci, ku tuhumi mai mulki da shi. In kuwa lambar sahu ce kawai ta wani yaƙin da ya ƙare shekaru fiye da talatin, ku cire ta daga bakinku. Gwamnan da ya bar makaranta babu rufi yana da suna, ku kira shi da sunansa, kada ku bar shi ya ɓuya a bayan Duniya ta Uku.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.