Zane Ba Sai Mai Baiwa Ba

Nakan ji 'yan'uwana ɗalibai suna cewa, "Ni ba ni da hannun zane." A ganina wannan lalaci ne kawai. Fuskar mutum tana da awo, kamar lissafi. Idanu suna tsakiyar kai ne daidai, ba can kusa da gashi ba, inda masu koyo suke sa su. Tsakanin ido da ido akwai faɗin ido ɗaya. Kunne kuwa yakan tashi daga gira ya tsaya daidai ƙarshen hanci. Wanda ya kiyaye waɗannan zai fid da fuska mai kyan gani. Saboda haka mu daina gudun ajin zane, iyayenmu kuma su bar kiransa wasan yara. Sai an gwada akan san na ƙwarai.