Gyaran Gangar Auzinawa a Maƙogwaron Inji

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ta Jega, ko ya raɓi inuwar da makanikai ke fakewa a Maiyama, ya san ba hirar da ta fi ta shan mai cin rai a wajen direbobi. Da ma haka abin yake, amma ya ƙara tsanani tun ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Mutumin da ke neman abincin iyalinsa da ƙaramar mota, yana jigilar fasinja da buhunan albasa tsakanin Aliero da Jega da garuruwa irin namu na Gumbin Kure, tilas ne ya shiga neman dabara. To, daga cikin dabarun nan akwai wadda na gani da idona a ƙofar gidanmu, watau a kwance maƙogwaron inji a goge cikinsa da magagari, wai don iska ta ƙara samun hanya, mota ta ƙara ƙarfi, ta kuma rage shan mai. Nufina a wannan maƙala in nuna wa mai karatu cewa wannan aiki gyaran gangar Auzinawa ne, ba ya kawo ko ɗaya daga cikin abubuwan da ake nema, sa'an nan yana iya jawo abin da ba a nema ba.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kansa. Injin fetur numfashi yake yi kamar ni da kai. Yakan zuƙi iska, a garwaya ta da fetur, fulogi ya kyasta wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistan. Kafin iskar ta isa silinda sai ta bi ta wani gajeren bututu na sanholo, a tsakiyarsa akwai ɗan faifai na ƙarfe da ke juyawa a kan sanda. Wannan bututu shi nake kira maƙogwaron inji. Direba ya taka totur, faifan ya buɗe. Ya ɗaga ƙafa, ya rufe. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu lura da wani abu a nan: kalmar totur aro ce daga Turanci, kuma a can ma'anarta ta asali ita ce maƙure wuya. Ashe sunan kansa ya riga ya faɗi aikin. An ƙera abin ne don ya hana inji shaƙar duk iskar da yake so, yadda mahayi ke riƙe doki da linzami.

Da zarar an fahimci wannan, rabin gardamar ta ƙare. Direban da ke tafiya a kan titin Jega zuwa Koko da gudu matsakaici bai buɗe faifan nan gaba ɗaya ba, ɗan kaɗan ya buɗe shi. Ƙafarsa ce ke tauye iskar, ba ƙuncin bututu ba. In yana son ƙarin iska, ai sai ya ƙara takawa. Faɗin maƙogwaro ba ya zama matsala sai an danna totur har ƙasa, inji yana juyi kusa da iyakarsa, kuma ko a wannan hali masu ƙera mota sun riga sun auna faɗin da ya ishi injin. Wane direban kasuwa ne ke wuni ƙafarsa a manne da ƙasa? Mutumin da ke son ƙarin iska a ɗakinsa, ƙyauren yana rufe rabi, amma ya ɗauko gatari yana faɗaɗa ƙofa, me za mu ce da shi?

Zancen rage shan mai kuwa ya fi wannan rauni. Fetur ba ya ƙonewa sosai sai an haɗa shi da iska bisa ƙayyadadden ma'auni, watau nauyin iska 14.7 ga nauyin fetur 1. In aka juya lissafin, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. Motocin da muke sayowa 'yan Kwatano, masu injekta, suna da ƙwaƙwalwa ta lantarki wadda aikinta ke nan kullum: ta auna iskar da ta shigo, ta auna abin da ya rage a hayaƙin salansa, ta ba da umurnin fesa fetur daidai da iskar. Saboda haka in iska ta ƙaru, fetur ma ƙaruwa zai yi. Wanda ya faɗaɗa maƙogwaro don ya rage shan mai kamar wanda ya ƙara wa baƙo girman akushi ne don tuwo ya yi saura.

Na san inda ruɗun ya samo asali, kuma ban ga laifin kowa ba. Iyayenmu sun tashi da mota mai kafireto, irin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Waccan mota tana jin maganar sukurdireba. Makanike ya kasa kunne, ya ɗan murɗa nan, ya ɗan sassauta can, sai ka ji inji ya kwanta lumui. Wannan gwaninta ce ta gaskiya, kunne ne ma'auninta. Amma injin yau wani abu ne dabam. Abin da ka murɗa da hannu, ƙwaƙwalwarsa za ta yi ƙoƙarin mayar da shi yadda ta saba, in ta kasa sai ta rikice. Hannun na da ne, injin kuwa na yanzu, a nan gizo ke saƙar.

Wanda ya yi aikin a gidanmu yayana ne, mutum mai hannu, wanda tun muna yara shi ke gyara wa unguwa rediyo da keke. Ya ga yadda ake yi a wayarsa, ya shimfiɗa tabarma ran wata Lahadi, ya kwance maƙogwaron tsohuwar motarsa, ya kama shi da magagari da samfefa har cikin ya yi sheƙi kamar sabon kwano. Na ce masa, “Yaya, anya faifan nan zai koma ya rufe daidai?” Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, “Kai ɗan boko, mi kas sani ga mota?” Na ja bakina, don gaskiyarsa ce, ban taɓa kwance ko noti ɗaya ba. Amma abin da na ji tsoro shi ya faru. Tsakanin bakin faifai da bangon bututu ɗan siririn gibi ne da aka auna da inji, bai kai kaurin farce ba. Magagari ba shi da ido, ya ci nan da yawa, ya ci can kaɗan. Da aka mayar aka tayar, sai motar ta ƙi yin silo, tana kuka a tsaye kamar ana taka ta, domin iska tana satar hanya ta gefen faifan, fetur yana biye da ita. Motar da ke wuni a tasha tana jiran fasinja, ta koma shan mai tun kafin ta motsa.

Asarar kuɗi ce wannan, ana iya jurewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi ta nauyi. Garin sanholon da magagari ya zubar, in ba a wanke shi sarai ba, cikin silinda zai nufa, ya riƙa cin ringi da bango. Sa'an nan bangon da aka goga ba daidai ba yana iya sa faifai ya cije, direba ya ɗaga ƙafa amma inji ya ƙi sauka. Kada a ɗauka wannan wasa ne. A watan Janairu na 2010 kamfanin Toyota ya janye motoci wajen miliyan 2.3 a Amurka saboda fargabar totur mai maƙalewa, a 2014 kuma ya biya tarar dala biliyan 1.2 kan yadda ya tafiyar da al'amarin. In kamfani mai injiniyoyi dubbai ya yi tuntuɓe a wannan wuri, ina ga mai tabarma da magagari? Wani abu kuma da direbobi da yawa ba su lura da shi ba: sauƙin takawar birki daga zuƙar da inji ke yi a bayan rufaffen faifai yake zuwa. In faifai ya tsaya a buɗe, zuƙar ta tafi, taku biyu ko uku sai birki ya yi tauri kamar dutse. Mai karatu ya ƙaddara wannan a bakin kasuwa, mota cike da mutane, gaba ga yara masu talla. Wanda Allah ya jarrabe shi da haka, ya taka kuloci ko ya fitar da giya nan take, ya riƙe birki da ƙarfi ba tare da saki ba.

Wani zai ce, ai masu tseren mota a Turai da Amurka suna faɗaɗa maƙogwaro, kuma suna ganin amfani. Haka ne. Amma su a kan injin sassaƙar ƙarfe suke yi, su yanko sabon faifai daidai da sabon faɗin, su canja bawul da salansa, su sake tsara ƙwaƙwalwar motar, duk don ɗan ƙarin ƙarfi a ƙololuwar gudu, ba su kuma damu da abin da za ta sha ba. Bukatarsu dabam, tamu dabam.

Ban ce mutum ya naɗe hannu ya bar motarsa ba. Lalle injunanmu suna fama da ƙarancin iska, sai dai ba a maƙogwaro ciwon yake ba, a hanci yake. Ƙasarmu ta ƙura ce, daga hazon hunturu sai turɓayar hanyoyin ƙauye. Matatar iska takan toshe tun kafin lokacin da aka rubuta mata, mu kuwa sai mu kakkaɓe ta a jikin taya mu mayar, wasu ma su cire ta ɗungum wai mota ta sha iska, alhali ƙura suka ba ta, mai cin inji a hankali. Sabuwar matata, da duba robar da ta taso daga gare ta ko ta tsage, da goge baƙin dattin da ke taruwa a gefen faifai da tsumma mai laushi da maganin wanki, da fulogi masu kyau, da iskar taya daidai, da rage lodin da ya wuce kima, waɗannan su ne aikin gida, su ne kuma ke taɓa aljihu. Ko a nan ma a yi hattara da motar da faifanta lantarki ke juya shi, ba waya ba; wannan ba a tura ta da ƙarfi, kuma sau da yawa sai an sake saita ta bayan wanki.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk bayanin nan bai fi shafi biyu ba, amma ban taɓa cin karo da shi a rubuce da Hausa ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga mu nan muna nazarin harshe, ga makanikai da direbobi da kalmominsu da suka riga suka ƙera, totur, silo, lagireto, salansa. Me zai hana ɗalibin injiniya da ɗalibin Hausa su zauna da makanike a gareji, su fitar da ɗan littafi da za a karanta a tasha? Da yayana ya sami irinsa, da hannun nan nasa ya tafi inda ya dace.

Bayan mako biyu yana fama, ya tafi Jega ya sayo wani maƙogwaron na hannu, kuɗin da ya kai ribar kwanaki da yawa. Tsohon yana nan a zaure, yara suna leƙa juna ta cikinsa. Har yau in na tayar da zancen sai ya ce ba dabarar ce ta ƙi ba, magagarin ne ya cika kaushi.